Wane madubi zan ɗora wa bindigata don farautar barewa a Wiskonsin?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha min kai sai yau Allah ya nufa na samu zama. Ka ce shekararka biyu a Madison, babban birnin jihar Wiskonsin ta Amurka, abokan aikinka sun gayyace ka farautar barewa ta watan Nuwamba, ka samu raiful .308, kuɗin da ka ware wa madubin bindiga dala 500 ne, kuma ka ga wani sikof, wato madubin bindigar, a intanet 6-24x50 da ya kwanta maka a rai, wai tunda yana jawo abu kusa har sau 24 ba sai ka ƙara kashe kuɗi wajen sayen bainokula ba, shi kaɗai zai yi maka aiki biyu, ka leƙa da shi ka kuma harba da shi. Toh wannan maganar taka ta ƙarshe ita ta hana ni ba ka amsar layi biyu, don a nan ne ran ɗan adam yake.

Kar ka sayi wancan sikof ɗin. Ka raba kuɗin nan gida biyu, kusan rabi ka sayi sikof 3-9x40 ko 2-7x33 na kamfani mai suna, ragowar ka sayi bainokula 8x42, wato madubin hannu mai ido biyu da ake ratayawa a wuya. In kuɗin sun ƙi kaiwa har da ƙafafun ɗaure sikof ɗin, ka rage tsadar sikof, amma kar ka yarda ka shiga daji babu bainokula. Shekarata goma sha huɗu ina fita farautar nan a tsakiyar jihar da arewacinta, kuma abin da nake gaya wa duk sabon shiga kenan, Bature ne ko namu.

Lambobin nan ba wani abu ne mai wuya ba. In ka ga 3-9x40, ana nufin madubin yana jawo abu daga sau 3 zuwa sau 9, akwai zobe a wajen ido da kake murzawa, sannan 40 ɗin faɗin gilashin gaba ne a milimita. Mutum in bai saba ba sai ya ɗauka duk yadda lamba ta fi girma haka kayan ya fi kyau, kamar megafiksel ɗin waya. A dajin Wiskonsin abin ba haka yake ba sam. Duk yadda ka ƙara jawo abu kusa haka filin da kake gani yake tsukewa. Sikof 3-9 in yana kan 3, a nisan yadi 100 za ka ga fili mai faɗin wajen ƙafa 33, in ka murɗa shi zuwa 9 sai ya dawo wajen ƙafa 13. Shi kuwa wancan naka, mafi ƙanƙantar inda zai iya sauka 6 ne, wato wajen ƙafa 17 ko 18 a yadi 100, a kan 24 kuwa da ƙyar ya kai ƙafa 5. Yanzu ka tambayi kanka a wane nisa barewa take fitowa a dajin da itatuwa suka cushe, ƙirare ko ina, tsaunuka ƙanana da kwazazzabai. Ni dai yawancin waɗanda Allah ya ba ni, tsakanin yadi 30 ne zuwa 80. A yadi 30, sikof da ke kan 6 filin da zai nuna maka bai wuce ƙafa 5 ba, tsawon jikin barewar kenan, kaga za ka ɗaga bindiga ka ga barewar ta cika maka madubi fal, ba ka ganin abin da ke gefenta, ba ka ganin abin da ke bayanta, in ma ta ɗan taka sai ka neme ta ka rasa. Irin wancan sikof an yi shi ne don masu harbin allo daga nesa a kan tebur, ko masu farauta a filayen yamma irin su Wayomin inda ido ke cin mil guda babu itace. Ga nauyi kuma, ka wuni da shi a kafaɗa cikin dusar ƙanƙara za ka ji a jikinka.

Sai maganar haske, wadda ta fi komai muhimmanci tunda barewa da asuba take motsi da kuma gab da magariba. Akwai lissafi mai sauƙi: ka raba faɗin gilashin gaba da yawan jawowar, abin da ya fito shi ne kaurin hasken da ke fitowa ya shiga idonka. Sikof 40 a kan 4 zai ba ka milimita 10, a kan 9 zai ba ka 4.4, wancan 50 ɗin a kan 24 kuwa milimita 2 da ɗan kaɗan. Ƙwayar idon matashi a cikin duhu tana buɗewa har wajen milimita 7, ta mu da muka fara manyanta wajen 5. Ka riƙe sikof nesa da fuskarka ka kalli taga da shi, za ka ga wani ɗan da'irar haske a gilashin baya, ka murza zoben ka ga yadda yake ƙanƙancewa, shi ne abin da nake faɗa. Shi ya sa da yamma in haske ya fara ja baya, saukar da lamba ake yi ba ɗagawa ba. Kuma ingancin gilashin da irin shafen da aka yi masa sun fi girman baki tasiri, sikof 40 mai gilashi na kirki ya fi 50 na araha nuna abu tarwai a lokacin da ake bukata. Jamusawa suna da 8x56 manya-manya, amma su don kwanton aladen daji da farin wata suka yi su, mu nan doka ma ba ta yarda da harbin barewa da dare ba.

Wani abu da shagon intanet ba zai nuna maka ba shi ne tazarar da ke tsakanin idonka da gilashin baya. .308 tana da ɗan naushi, in ta tashi tana dawowa baya, in idonka ya matso da yawa bakin sikof ɗin zai sare ka a gira, na ga wanda sai da aka yi masa ɗinki. Ka nemi mai tazarar inci 3 da rabi zuwa 4. Kuma ranar da za a ɗaura shi ka saka rigar sanyin da za ka fita da ita, mai kaurin nan, don kaurin riga yana tura bindiga gaba kuma sai ka ga abin da ka saita da shimi a ɗaki ya ƙi zama a daji. Ka murɗa shi zuwa lambarsa ta ƙarshe, ka rufe ido, ka ɗora bindiga a kafaɗa yadda jikinka ya saba, ka buɗe ido. In ka ga hoto cikakke babu baƙin zobe a gefe, toh ya zauna. In sai ka miƙa wuya ko ka ja baya, a sassauta a matsar da shi. Bindigar babu harsashi a ciki, ka duba da idonka ka kuma zura yatsa ka tabbatar, ko da kai ka ajiye ta jiya. Ƙusoshin zoben ma ba da ƙarfin tuwo ake ɗaure su ba, akwai ma'aunin da kamfani ya rubuta a takarda, in ka matse fiye da kima sai ka lotsa bututun.

Zaren da ke cikin sikof wanda ake auna abin hari da shi kuwa, kar ka wahalar da kanka da masu layuka barkatai da ɗigo-ɗigo kamar takardar lissafi. Ka ɗauki mai gicciye guda, mai kauri daga gefe siriri a tsakiya, wanda kamfanin Leupold ya fito da shi tun 1962 da sunan Duplex kuma har yau kowa shi yake kwaikwayo, don da duhu-duhu siririn layi yana ɓacewa amma masu kaurin suna jan idonka zuwa tsakiya. Leupold a jihar Oregon suke, Vortex kuwa nan kusa da kai suke a Barneveld, ba nisa daga Madison, dukkansu suna da 3-9x40 da bai fi ƙarfin aljihunka ba kuma suna ba da garanti na har abada. Zeiss na Jamus da Swarovski na Ostiriya gilashinsu ba a magana, amma kuɗinsu ya ninka naka sau da yawa kuma a yadi 60 ba za su kashe maka barewar da ɗan 3-9 ba zai kashe ba. Ka dai tabbatar an rubuta ruwa ba ya shiga kuma ba ya yin hazo daga ciki. Hazon waje kuwa kai ne za ka kiyaye, da sanyin asuba in ka kuskura ka huro numfashi a kan gilashin baya shikenan ya rufe.

Bayan an ɗaura sai filin gwaji, kuma dan Allah kar ka bari sai ana gobe farauta, a makon nan filayen cika suke yi maƙil. Ka fara daga yadi 25 don ka samu harsashi ya hau takarda, sannan ka koma 100. Yawancin sikof kowane ƙas ɗaya da ka ji in ka murza maɓallin sama ko na gefe yana matsar da harsashi kwatan inci ne a yadi 100, wato ƙas 4 inci ɗaya, amma a yadi 25 sai ka yi ƙas 16 kafin ka samu inci ɗaya, nan ne sababbi ke rikicewa su ce sikof ya lalace. Ka harba uku, ka duba tsakiyar inda suka taru, ka gyara, ka bar bututun ya huce, ka sake uku. Kuma da irin harsashin da za ka yi farauta da shi, kamfani ɗaya nauyi ɗaya, kar ka saita da 150 ka fita da 180. In ka gama da tebur ka tashi ka gwada a zaune a ƙasa, da durƙuso, da jingine da itace, a kan farantin takarda mai faɗin inci 8, don wajen girman huhu da zuciyar barewa kenan. Duk nisan da ka kasa zuba harsashi biyar a jere a cikin farantin nan, toh nisan ya fi ƙarfinka a bana, ko me aka rubuta a jikin kwalin sikof.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna. Sikof a jikin bindiga yake a ɗaure. Duk inda ka kalla da shi, bakin bindiga mai harsashi yana kallon wurin, kuma gicciyen yana kan abin da kake kallo. In ka ji motsi a cikin ƙirare ka ɗaga bindiga don ka ga ko mene ne, ka riga ka auna abin da ba ka sani ba, saura kawai yatsa ya motsa, ga safar hannu mai kauri, ga sanyi ya kashe maka yatsu, ga zuciya tana dukan uku-uku. In mutum ne a wurin, ka auna mutum da bindiga, kuma a dokar Wiskonsin nuna mutum da bindiga da gangan laifi ne ko ba ka harba ba. Ko da ma babu doka, ka tsaya ka yi tunanin kai ne kake tafe a gefen gona ka ɗaga kai ka hango wani a kan bishiya ya kafa maka bakin raiful yana ƙare maka kallo. An taɓa yi min haka sau ɗaya a dajin gwamnati, ina sanye da rigata ruwan lemo tun daga wuya har ƙugu, na ɗaga hannu na yi ihu, ya sauke ya ce wai dubawa kawai yake yi. Ƙafafuna sun daɗe suna rawa, ranar ban ƙara zama ba na koma mota.

Ni kaina kuma bainokula ta taɓa tsamo ni daga abin da har na mutu ba zan manta ba. Shekarata ta uku ce, a gonar wani dattijo da ya koya min harkar nan, shi ne ma ya matsa min sai da na saya. Kwana huɗu ina zama ban ga ko wutsiya ba, abokan tafiya kowa ya samu tasa. Da asubar kwana na biyar, gari ya fara wayewa amma ƙasan itatuwa da sauran duhu, sai na ga wani abu ruwan ƙasa a bayan ƙirare wajen yadi 70, yana sunkuyawa yana ɗagowa, yana sunkuyawa yana ɗagowa, daidai yadda barewa take yi in tana kiwo. Wallahi ƙanena har ƙaho na gani. Rassa ne, amma a idona ƙaho ne, har na fara ƙirga tsinayensa. Babban yatsana ya riga ya hau kan sefti, wato makullin da ke hana bindiga tashi. Sai hannuna na hagu ya taɓo igiyar bainokula a ƙirjina, na bar bindigar a kan cinya na ɗaga ta, na murza. Mutum ne. Maƙwabcin gonar ne, da rigar aiki ta zane mai kauri ruwan ƙasa irin wadda manoman nan suke sawa, yana sunkuye yana gyaran wayar shinge da filaya a hannu, har tururin numfashinsa nake gani. Ba farauta ya fito ba, gonarsa ce, ba abin da ya tilasta masa sa ruwan lemo. Na zare harsasan na zuba a aljihu na zauna ina ta innalillahi, na fi rabin awa ban iya tashi ba.

Abin da nake so ka gane shi ne ba wawaye ne kaɗai suke harbin mutane bisa kuskure ba, da yawansu mutane ne da suka shekara ashirin talatin suna farauta. Ido ba kamara ba ne. In ka wuni kana jiran barewa, ƙwaƙwalwarka tana ɗaukar ɗan abin da ta gani, launi, motsi, farin abu da ya gilma, sai ta cike sauran da abin da take marmari, kuma hoton da za ta ba ka zai zo maka tamkar gaske babu ko shakka. Gajiya da yunwa da ganin kowa ya samu kai ba ka samu ba duk suna ƙara wa abin ƙarfi. Mu da muka taso muna jin labaran maharba a gida mun san wannan, wanda ya fita da fitila a goshi da bindigar toka ya ga ido yana ƙyalli ya saki wuta, da gari ya waye aka ga ba gada ba ce. Sikof mai jawowa da yawa yana taimaka wa wannan ruɗin, don yanki kaɗan yake nuna maka. Bainokula 8x42 kuwa ido biyu kake kallo da ita, filinta a yadi 100 ya kai wajen ƙafa 40, kana ganin abu da kewayensa, kuma mafi girman amfaninta shi ne hannayenka suna kanta ba kan kunama ba, ga 'yan daƙiƙun da take ci maka waɗanda a cikinsu hankali yake dawowa.

A watan Nuwamba na 1988, a garin Hermon na jihar Maine, wata mata mai 'yan tagwaye jarirai ta fita bayan gidanta, a cikin filinta, da fararen safar hannu. Wani mafarauci ya harbe ta ta rasu, ya ce ya ɗauka farar wutsiyar barewa ya gani. Barewar ƙasar nan in ta tsorata tana ɗaga wutsiya, ƙasanta fari fat, shi ya sa ake kiranta mai farar wutsiya. A 1990 kotu ta wanke shi, har wasu suka riƙa ɗora wa marigayiyar laifi wai me ya sa ta sa fari a lokacin farauta, a bayan gidanta fa. Abin ya tayar da ƙura sosai, daga baya jihar ta kafa dokar tantance abin hari, kuma ni duk da ba a can nake ba da ita nake aiki. Abin da take cewa a taƙaice, mafarauci ba zai dogara da ƙara kaɗai ba, ko ƙara haɗe da ganin wani sashe da ya yi kama da ƙafa ko wutsiya, sai ya ga kai da gangar jikin dabbar a fili ba abin da ya tare, kuma shi ne zai ɗauki asarar naman da ya kuɓuce masa maimakon ya jefa ran wani cikin haɗari. Kai da gangar jiki, tare, a fili. In ɗaya ya ɓuya ka jira, in ta tafi ta tafi.

Kar kuma ka ce tunda ban ga ruwan lemo ba ai ba mutum ba ne. Dokar Wiskonsin ta ce mafarauci a lokacin farautar bindiga sai aƙalla rabin tufafinsa daga ƙugu zuwa sama sun zama ruwan lemo mai ɗaukar ido, ko ruwan hoda mai ƙyalli da aka halatta a 2016, in da hula ita ma haka. Barewa ba ta ganin launin nan yadda muke ganinsa, idonta ya fi kama shuɗi, saboda haka kar ka ji tsoron zai tona ka. Amma dokar mafarauta ta ɗaure, ba ta ɗaure manomi ba, ko mai yawo da karensa, ko masu saran itace, ko yaro da ya biyo ta gefen daji. Ko mafaraucin ma, jakar baya tana iya rufe masa riga, ko ya sunkuya yana jan barewar da ya kashe ka hango ƙaho na gaske yana motsi. Saboda haka kai ma in Allah ya ba ka, kar ka taɓa saɓa ta a kafaɗa, ka ja ta a ƙasa ka ɗaura mata ƙyalle ruwan lemo a ƙaho, kuma kar ka zaro farin hankici ko farar takarda a daji.

Bayan ka tabbatar barewa ce ma da sauran aiki. Namiji ne ko mace, kuma wace takardar izini ce a aljihunka? A Wiskonsin wanda ƙahonsa ya kai inci 3 shi ake lissafawa namiji mai ƙaho, kuma izinin marasa ƙaho yana da yankin da aka rubuta masa. Sannan akwai wata babbar dabba danginta da suke kira elk, an dawo da ita jihar a 1995 wajen Clam Lake, daga baya aka ƙara wasu a gundumar Jackson, ɗan maraƙinta yana iya yi maka kama da babbar barewa, kuma hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, wato DNR, kusan duk shekara sai ta ja kunnen mutane a kan haka. Duk wannan da bainokula ake rarrabewa.

Sai abin da ke bayanta. Harsashin .308 yana fita da gudun da ya haura mita 800 a daƙiƙa ɗaya, sau da yawa yana ratsa barewa ya fita ta ɗaya gefen da sauran ƙarfinsa, in kuma ka kuskure ya tashi sama yana iya cin fiye da mil biyu kafin ya sauko. A kwana tara na farautar bindiga, da ke farawa ranar Asabar kafin bikin godiya na Amurkawa na ƙarshen Nuwamba, mutum fiye da 500,000 ne suke da lasisi a jihar, kaga dajin da kake gani shiru ba kai kaɗai ba ne a ciki. Barewar da ta tsaya a kan tudu sararin sama ne a bayanta, ko ta kai girman sa, ba a harbinta. Wadda ke gaban ƙirare masu duhu da ba ka san abin da ke cikinsu ba, ba a harbinta. Ruwa, ƙanƙarar tafki, dutse, daskararriyar ƙasa, duk suna sa harsashi ya yi tsalle ya canza hanya. Abin da kake so a bayanta shi ne ƙasa mai taushi da kake gani da idonka, gefen tudu ko gangare. Shi ya sa zama a kujerar kan bishiya yake da daɗi, harbinka ƙasa yake nufa, sai dai ka ɗaura bel ɗin jiki tun daga ƙasa don faɗowa daga bishiya tana raunata mafarauta da yawa, kuma bindiga da igiya ake jawo ta sama babu harsashi. Ranar da ka isa wurin zamanka, kafin komai, ka zagaya da bainokula ka san ina hanya take, ina gida, ina shanu, ina abokanka suka zauna, ka yanke wa kanka tun a lokacin cewa nan da nan ba zan harba ba ko me ya fito.

In abokan naka masu yin kora ne, wato wasu su jeru su ratsa daji suna tayar da barewa wasu su tsaya a bakin fita, kamar dai farautar gayya, toh a shekararka ta farko ka roƙe su su sa ka cikin masu korar, ko ka tsaya kusa da wani babba ka kalla. Nan ne barewa take fitowa a guje, mutum ya manna ido a sikof yana bin ta yana juyawa, bai san bakin bindigarsa ya biyo ta kan ɗan'uwansa ba, don madubin ya rufe masa gefe da gefe. Sikof ɗinka ya zauna a kan lamba mafi ƙanƙanta ko da yaushe, in barewa tana nesa kana da lokacin ɗagawa, in tana kusa ba ka da lokacin saukewa. Ni har yau ba na harbin wadda take gudu.

Lokacin harbi a doka daga minti 30 kafin fitowar rana ne zuwa minti 20 bayan faɗuwarta, akwai jadawali a littafin dokokin kowace shekara, ka karanta na bana da kanka. Amma ranar da hadari ya rufe ko ana zubar ƙanƙara, a ƙasan itatuwan fayin duhu yana riga agogo, in bainokula ta kasa nuna maka kai da jiki sarai toh ranar ta ƙare ko da saura minti goma.

Mu kuma da muke Musulmi akwai ƙarin nauyi a kanmu. Aya ta 92 a suratun Nisa'i ta yi maganar kisan kuskure, ga diyya ga kaffara, wanda bai samu abin 'yantawa ba azumin wata biyu a jere, wato ko da ba ka yi niyya ba ba a ce shikenan ka tafi ba. Kuma ana son ka ambaci sunan Allah lokacin sakin harbi, in ka tarar da ita da sauran rai ka yanka. Ni na ga wannan bismillar tana da wani amfani a daji, don ba zan iya furta ta a kan abin da ban tabbatar ba, in bakina ya yi nauyi na san idona bai gama aikinsa ba.

Ka yi rajistar kwas ɗin koyar da farauta tun yanzu kafin kujeru su ƙare, duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1973 ana neman takardar shaidar kammala kwas ɗin a wurinsa, kuma ko abokanka sun ce akwai hanyar fita ƙarƙashin kulawar wani ba tare da ita ba, ni dai na fi so ka yi. Ba ka gaya min matsayin takardunka na zama ba, in biza ce ta karatu ko ta aiki dokar tarayya a kan riƙe bindiga ta bambanta da ta mai katin zama, ka tambayi lauya kafin ka ajiye ta a gida. In ka sayi kayan ka yi min magana, Asabar biyu na farkon Oktoba ina nan, ka taho da rigar sanyinka da kwali biyu na harsashi iri ɗaya mu je fili mu saita ta tare. Ka gaida iyali.